SUNA LINZAMI: TARIHIN RAƊIN SUNA DA ZANEN TAMBARI A MANYAN GASANNIN ƘWALLO

Gabatarwa

Na san wani daga cikin 'yan'uwa marubuta zai buɗe wannan shafi, ya ga maganar ƙwallo, ya ce me ya haɗa kifi da kaska? Ai mujallar adabi ce a hannunmu. To, a yi mini uzuri, a ɗan saurare ni. Ban zo in faɗi wanda ya ci wani ko wanda ya zubar da fenariti ba. Abin da ya kawo ni shi ne suna, da kuma fuskar da ake yi wa abu kafin a fito da shi bainar jama'a.

Duk wanda ya taɓa gama rubuta littafi ya san akwai wahala biyu da ke jiransa bayan ya ajiye alƙalami. Ta farko raɗa wa littafin suna, ta biyu kuma zaman da zai yi da mai zanen bango. Sau da yawa mukan shafe shekara guda muna rubutu, sannan mu yanke waɗannan biyun cikin rabin sa'a a shagon mai kwamfuta. Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya kawo mini littafinsa na farko, an riga an buga shi da yawa. Labarin ciki ya yi ma'ana ƙwarai. Amma sunan da ya sa masa na wani littafi ne da ya riga shi fitowa, hoton bangon kuwa wata baƙuwar fuska ce da aka ciro daga intanet, babu abin da ya haɗa ta da labarin. Na rasa abin da zan ce masa, domin aikin gama ya gama.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu leƙa wurin mutanen da suka shafe sama da shekara 90 suna fama da irin wannan matsala, da maƙudan kuɗi a kanta, wato masu shirya Gasar Cin Kofin Duniya da takwarorinta. Wataƙila mu tsinci abin da zai amfane mu.

Kofi Mai Sunan Mutum

An kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, wato FIFA, a birnin Paris a 1904. Sai a taronta na 1928 a Amsterdam ta yanke shawarar shirya gasa ta ƙashin kanta. Kafin nan, ƙwallon da ake bugawa a wasannin Olamfik shi ne ma'aunin gwanintar ƙasashe. Wanda ya tsaya tsayin daka a kan wannan shawara shi ne shugaban hukumar, wani lauya Bafaranshe mai suna Jules Rimet, wanda ya riƙe ragamar FIFA daga 1921 zuwa 1954.

Ƙasar Yurugwai aka ba karɓar baƙuncin gasar farko a 1930. Ita ce ta ci ƙwallon Olamfik a 1924 da 1928, kuma a 1930 ɗin take cika shekara 100 da samun tsarin mulkinta na farko. Don haka ma babban filin da aka gina a Montevideo aka sa masa suna Centenario, wato na cikar shekara ɗari. Ka ga tun ran gini ran zane, suna ya shiga siyasa. Ƙasashe 13 suka halarta, huɗu kacal daga Turai, saboda tafiyar ta mako biyu ce a jirgin ruwa. A ranar 30 ga Yuli Yurugwai ta doke Ajantina da ci 4 da 2 a wasan ƙarshe.

Shi kofin, wani gwanin sassaƙa Bafaranshe ne ya ƙera shi, Abel Lafleur. Azurfa ce aka shafe da ruwan zinariya, tsawonsa santimita 35, nauyinsa kilo 3.8. Surar jikinsa ta wata mace ce mai fukafukai ɗauke da kwano a ka, wadda Girkawan da suka ɗauka gunkiyar nasara. Saboda haka sunan yankan kofin shi ne Nasara, da Faransanci. Rimet da kansa ya ɗauko shi cikin kayansa a jirgin ruwa mai suna Conte Verde har Montevideo.

Ita gasar kanta kuwa ba ta tsaya kan suna guda ba. Fastar da mai zane Guillermo Laborde ya yi wa gasar 1930, mai ɗauke da mai tsaron gida ya miƙe yana cafke ƙwallo, ta kira ta gasar zakarun duniya ta farko ne da Sifaniyanci, babu maganar kofi. Faransawa ne ke cewa kofin duniya. Har gobe Jamusawa da kalmar zakarun duniya suke kiranta, masu Sifaniyanci su taƙaita su ce Mundiyal, har Larabawa ma sun ari wannan kalma. Mu kuma muka tashi muka ji gidajen rediyo suna cewa Gasar Cin Kofin Duniya, ya zauna daram a bakinmu, har yaron da bai shiga makaranta ba ya san abin da ake nufi.

A 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, FIFA ta yi taro a Luxembourg ta sake wa kofin suna, ya koma Kofin Jules Rimet, don girmama shi bisa cika shekara 25 yana shugabanci. Cewa kofin ya tsira daga yaƙin ma abin mamaki ne. Italiya ce ke riƙe da shi tun da ta ci a 1934 da 1938, sai wani jami'in ƙwallo na ƙasar, Ottorino Barassi, ya ɓoye shi cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gadonsa don kada sojoji su yi awon gaba da shi.

Abin da yaƙi bai yi ba, ɓarayi suka yi. A watan Maris na 1966, ana saura 'yan watanni a fara gasa a Ingila, aka sace kofin a wurin wani baje kolin kan sarki a Landan. Bayan mako guda wani kare mai suna Pickles ya shinshino shi a gindin shinge, naɗe cikin jarida. Ƙa'idar lokacin ita ce duk ƙasar da ta ci sau uku ta mallake shi. A wasan ƙarshe na 1970 Burazil da Italiya suka haɗu, kowace ta ci sau biyu, wato duk wadda ta yi nasara ta tafi da shi ke nan har abada. Burazil ta ci 4 da 1. A watan Disamba na 1983 aka fasa ofishin hukumar ƙwallon Burazil a Rio de Janeiro aka sake sace shi, kuma har yau ba a gan shi ba. Ana kyautata zaton narkar da shi aka yi. Kofi ya tafi, suna ya saura.

Kofi Mai Sunan Hukuma

Da Burazil ta mallake na farko, dole a nemo sabo. FIFA ta sa gasar zane, aka kawo mata samfuri 53 daga ƙasashe 7, ta zaɓi na wani Ba'italiye, Silvio Gazzaniga. Shi ne wanda muka sani a yau: mutum biyu sun miƙa hannuwa sama suna tallabe da duniya. Zinariya ce mai karat 18, tsawonsa ya kusa santimita 37, nauyinsa ya ɗan haura kilo 6, da zobe biyu na wani koren dutse a gindinsa. Franz Beckenbauer na Jamus ta Yamma ne ya fara ɗaga shi a 1974.

Abu biyu hukumar ta koya daga kofin farko. Ba ta sake sa sunan mutum ba, sunanta ta liƙa, ya zama Kofin Duniya na FIFA. Sannan ta soke ƙa'idar mallaka. Jamus ta ci wannan kofi a 1974 da 1990 da 2014, Ajantina ta ci a 1978 da 1986 da 2022, amma babu wadda ta tafi da shi. Ana rubuta sunan wadda ta ci a ƙarƙashin gindinsa, a ba ta kwaikwayonsa na tagulla mai ruwan zinariya, na ainihin ya koma wurin masu shi. Wato hukumar ta gane cewa surar kofin dukiya ce, kuma mai dukiya ba ya sakin ta.

Daga Fasta Zuwa Tambari

A gasannin farko fasta ce fuskar gasa. Akan ba wani mai zane na ƙasar da ta karɓi baƙunci ya zana, a liƙa a bango, shi ke nan. Shigowar talabijin da kasuwancin riguna da huluna su ne suka haifar da buƙatar tambari, wato ƙaramar alama da za ta fito sarai ko a kan maɓalli ko a kan katangar filin wasa.

Ingila ce ta fara fito da 'yartsanar gasa a 1966. Wani zaki ne mai suna Willie, sanye da riga mai tutar Birtaniya. Abin da zai ba mu sha'awa mu marubuta shi ne, wanda ya zana shi, Reg Hoye, mai yi wa littattafan yara zane ne. Daga aikin littafi ya fito. An buga hoton zakin nan a kan kofuna da riguna da kayan wasan yara, aka ga kuɗi sun shigo, daga nan babu gasar da ta sake zuwa ba tare da tata 'yartsanar ba.

A 1970 a Meziko kamfanin Adidas ya kawo ƙwallo mai suna Telstar, mai ɗinki 32, baƙi 12 da fari 20, domin ta fito sosai a akwatin talabijin mai baƙi da fari, wanda shi ne a yawancin gidaje a lokacin. Tambarin gasar bai wuce hoton wannan ƙwallo da sunan ƙasar da lamba 70 ba. Ga shi an fi shekara 50, an sauya fasalin ƙwallo ba adadi, amma in ka shiga aji ka ce ɗalibai su zana ƙwallo, mai baƙi da farin nan za su zana maka. Na jarraba wannan ba sau ɗaya ba. Zane mai sauƙi ba ya tsufa da wuri.

Tambarin da ya fi kowane ɗaukar darasi a ganina shi ne na Ajantina a 1978. Wasu layuka ne masu launin shuɗi-shuɗi da fari sun tashi sama sun rungume ƙwallo. Baƙo zai ɗauka hannuwan mai tsaron gida ne. Ɗan ƙasa kuwa ya san an kwaikwayi yadda Shugaba Juan Peron yake ɗaga hannuwansa biyu sama idan yana gaida taron magoya bayansa. An yi zanen tun jam'iyyarsa na kan mulki. Peron ya rasu a 1974, sojoji suka hamɓarar da gwamnatin matarsa a watan Maris na 1976, kuma babu abin da suka tsana kamar tunawa da shi. Suka nemi sauya tambarin, sai suka tarar an riga an sayar wa kamfanoni izinin amfani da shi, an buga shi a kan kaya iri-iri, sauya shi zai jawo shari'u marasa iyaka. Haka suka haƙura. Gwamnatin da ta tsare dubban mutane, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba, ta kasa goge zane guda, ta karɓi baƙin duniya a ƙarƙashin alamar abokin gabarta. Abin da ya shiga maɗaba'a ya fi ƙarfin mai bindiga.

Daga nan kowace ƙasa ta riƙa neman abin da zai nuna ta. Sifen a 1982 ta ɗauki lemon zaƙi ta yi masa ido da baki ta kira shi Naranjito, ta kuma ba shahararren mai zanenta Joan Miro aikin fasta. Meziko a 1986 ta ɗauki barkono mai gashin baki da malafa. Italiya a 1990 ta haɗa wani mutum-mutumi da tubala masu launin tutarta, kansa ƙwallo, aka bar wa jama'a zaɓen sunansa ta hanyar ƙuri'a, suka zaɓi Ciao, kalmar gaisuwarsu ta yau da kullum. Ta 1994 a Amurka kuwa ba sai an ba 'yan Nijeriya labari ba. Ita ce zuwanmu na farko, inda Rashidi Yekini ya ci ƙwallon farko a ragar Bulgeriya ya kama raga yana kuka, aka tashi 3 da nema. Ina yaro a lokacin, a talabijin ɗin maƙwabta muka kalla, kuma har yau in na ga tambarin nan mai launin tutar Amurka sai daren ya dawo mini.

Wa Za A Fara Ambata?

Wanda yake ganin jerin suna ƙaramin abu ne, ya dubi gasar 2002. A 1996 FIFA ta raba gardama ta ba Japan da Koriya ta Kudu gasar su yi tare, karo na farko da ƙasa biyu suka haɗa hannu. To amma tsakaninsu akwai tsohon miki, domin Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Sai tambaya ta taso, sunan wa zai zo farko? A jerin baƙaƙen Ingilishi Japan ce a gaba, a na Faransanci kuwa Koriya ce. Aka zauna aka yi ciniki kamar ana rabon gado. Koriya ta sami gabatar suna da wasan buɗe gasa a Seoul, Japan ta sami wasan ƙarshe a Yokohama. Duk da haka, da aka zo buga takardun neman tikiti da Japananci a 2001, Japanawa suka so su gabatar da sunan ƙasarsu, Koriya ta ce ba ta yarda ba, sai da FIFA ta shiga tsakani. Duk marubuta biyun da suka taɓa haɗa littafi guda sun san wannan rigima, ko da a zuci ne. Maganinta shi ne a gama magana tun kafin a fara aiki.

Tun daga wannan gasa ta 2002 surar kofin ta shiga cikin kusan kowane tambari, ikon ƙasa mai masauki ya ragu, na hukuma ya ƙaru. A 2010, da gasar ta zo Afirka karo na farko, Afirka ta Kudu ta zana taswirar nahiyar da ɗan wasa yana bugun ƙwallo ta baya. 'Yartsanarta damisa ce mai suna Zakumi. ZA alamar ƙasar ce a taƙaice, kumi kuwa goma ke nan da Suwahili. Ƙwallon kuma aka kira ta Jabulani, kalmar murna da harshen Zulu. Ka ga yadda harsunan Afirka suka shiga bakin duniya ta ƙofar suna. Katar a 2022 ta yi tambari mai kama da mayafin ulu da ake yafawa da sanyi, domin a Nuwamba da Disamba aka yi gasar, kuma ya yi siffar lamba 8, adadin filayen da aka buga wasa. A watan Mayu na 2023 aka fito da tambarin gasar 2026 ta Amurka da Kanada da Meziko, sai ga hoton kofin kawai a kan lamba 26. Mutane da yawa suka yi ƙorafi cewa babu ƙamshin kowace ƙasa a jikinsa.

Sunan Da Ya Fito Daga Wasan Yara

Bari mu ɗan tsallaka Amurka, inda suke da wani wasa nasu da suke kira ƙwallon ƙafa, alhali da hannu aka fi yin sa, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce. A 1966 manyan ƙungiyoyin gasarsu biyu, NFL da AFL, suka amince su haɗe, zakaran wannan ya kara da zakaran waccan. An yi karon farko ranar 15 ga Janairu 1967 a Los Angeles. Sunan da manya suka sa wa wasan dogo ne, sai mutum ya ja numfashi kafin ya kai ƙarshensa: wasan fitar da zakaran duniya tsakanin AFL da NFL.

Mai kulob ɗin Kansas City Chiefs, Lamar Hunt, shi ne ya riƙa kiransa Super Bowl a wurin taro. Ya ce daga wata 'yar ƙwallon roba mai tsalle da 'ya'yansa ke wasa da ita, mai suna Super Ball, kalmar ta faɗo masa. Dama can Amurkawa na kiran manyan wasannin jami'o'insu da kalmar da ke nufin kwano, saboda filayen sun yi siffar kwano. 'Yan jarida suka ji suna gajere mai daɗin faɗi, suka kama. Kafin wasa na uku a 1969 hukuma ta bi bakin jama'a, laƙabi ya kori sunan yanka.

Daga wasa na biyar a 1971 suka fara ƙirga wasannin da lambobin Rumawa, saboda kakar wasa tana farawa a wata shekara, wasan ƙarshe ya faɗa a shekara ta gaba, sa shekara zai kawo ruɗu. Da aka zo na 50 a 2016, lambar Rumawa ta zama harafin L shi kaɗai, masu zane suka ga bai yi kyan gani ba, aka rubuta 50 a wannan shekara, sannan aka koma gidan jiya. Su ma daga 2011 suka daina yi wa kowane wasa tambarinsa na daban mai nuna garin da ake yi, suka koma fasali guda mai hoton kofi, masu kallo suka yi ta gunaguni.

Mu Dawo Gida

Gasar Cin Kofin Ƙasashen Afirka ta fara a Khartum a 1957 da ƙasa uku: Masar da Sudan da Habasha. An cire Afirka ta Kudu saboda wariyar launin fata. Kofin farko sunan mutum ya ɗauka, Abdul'aziz Abdallah Salim, Bamisiren da ya fara shugabantar hukumar ƙwallon Afirka. Gana ta mallake shi a 1978 bayan ta ci sau uku. Na biyu aka kira shi Kofin Haɗin Kan Afirka, kuma Nijeriya ce ta fara ɗaga shi a Legas a 1980, da ta doke Aljeriya 3 da nema, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa shi ga kyaftin Christian Chukwu. Abin baƙin ciki, a Legas ɗin dai Kamaru ta mallake shi a 2000, bayan ta doke mu a bugun fenariti. Daga baya sunayen kamfanoni suka riƙa hawa gaban sunan gasar, MTN, sannan Orange, sannan Total. Akwai kuma wani abin dariya. Gasar da ake kira ta 2021 a farkon 2022 aka yi ta a Kamaru, wadda ake kira ta 2023 kuma a farkon 2024 aka yi ta a Kwaddebuwa. An ɗage lokaci, amma suna da tambari sun riga sun fita.

A Nijeriya babu gasar da ta sha raɗin suna kamar tsohon kofinmu na ƙalubale. An fara shi a 1945 da sunan Kofin Gwamna, domin Gwamna Arthur Richards ne ya ba da shi, kuma ƙungiyoyin Legas ne suka mamaye shi, sai a 1953 Kano ta zama ta farko daga wajen Legas da ta ci. Da mulkin mallaka ya kau, sunan Gwamna ya riga ya kau, aka daɗe ana kiransa Challenge Cup. Daga nan Coca-Cola ta sa sunanta, sannan ya koma Federation Cup, a 2017 kamfanin mai na Aiteo ya sa nasa. A ƙarƙashin wannan suna ne Kano Pillars ta ci shi a Kaduna a 2019. Lokacin da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci a 2024, an ƙara masa sunan Shugaban Ƙasa a gaba. Amma je ka majalisar dattawan 'yan kallo ka ji, Chalenj Kof suke cewa har gobe. Ba a sauya wa tuwo suna.

Ban ga laifin kamfanin da ya zuba kuɗinsa ya nemi a ambace shi ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Laifin na masu gasa ne da suke goge nasu sunan gaba ɗaya, ta yadda in kamfani ya janye sai a koma neman sabon suna kamar yau aka haifi gasar.

A nan 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun yi abin koyi. Tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, ba su ari kofin Bature ba. Takobi ake ba zakara, kuma da takobin ake kiran gasar. Kyauta ce, suna ne, tambari ne a lokaci guda, kuma manomin da ke sauraron rediyo a ƙauye ba ya bukatar a fassara masa.

Kammalawa

To, ɗan'uwa marubuci, me muka tsinta? Na farko, bakin jama'a shi ne alƙali. Sunan da ya yi wa harshe nauyi, mutane za su yanke shi ko su sa nasu. Kafin ka kai littafi maɗaba'a, faɗi sunansa da ƙarfi, ka sa ƙanenka ya faɗa, ka tambayi mai sayar da littattafai ko akwai wani mai irinsa a kan teburinsa. Dubi littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi. Babu wanda ya wuce kalma biyu, ga shi sun haura shekara 90 a bakin mutane. Ita gasar kuwa, da yake ba ta da sunan da ya bi baki, da shekararta kawai muke kiranta.

Na biyu, san abin da ke kan bangon littafinka. Kowane hoto yana magana, wani lokaci yana faɗin abin da ba ka aike shi ba. Zauna da mai zane, ba shi labarin, in da hali ya karanta. Muna da masu zane a garuruwanmu da za su iya fito da ƙofar gari ko rumbu ko zanen hula, abin da mai karatu zai gani ya san labarin gidansu ne. Hoton da ka ciro daga intanet yana da mai shi, kuma wata rana zai iya zuwa neman haƙƙinsa.

Na uku, abin da aka buga ya bugu. Sojojin Ajantina da ikonsu sun kasa janye tambari, balle kai da ka ci bashi ka buga kwafi dubu. Gara ka ƙara wata guda kana shawara da ka shekara kana da-na-sani.

Na ƙarshe kuma ga shugabanninmu na ƙungiya. Duk ranar da Allah Ya hore mana sa gasar rubutu mai ɗorewa, a raɗa mata suna na Hausa, gajere, wanda zai rayu ko mai ɗaukar nauyi ya zo ko ya tafi. In an sami mai taimako, a sa sunansa a gefe, a gode masa, amma kada a sayar masa da sunan yanka. Shi kuwa ɗalibin nan nawa, mun yi da shi in Allah Ya sa ya sayar da bugun farko, zai sake suna da bango a bugu na biyu, kuma ya riga ya kai wa wani mai zane labarin ya karanta.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, Ya sa mu dace, amin.